ƊAN AKWATIN DA KE ƘARA WA INJIN DIZAL ƘARFI

 

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wata tambaya da masu sauraro da dama suka aiko mana. Waɗansunsu direbobi ne masu bin dogayen hanyoyi a Kamaru da Cadi, waɗansu kuwa 'yan'uwanmu ne mazauna Jidda da Landan. Sun ce akwai wani ɗan akwati da a ke sayarwa, girmansa bai fi na sandar sabulu ba, yana da 'yan wayoyi a jikinsa. Masu tallarsa suna cewa in an jona shi a injin motar dizal, irin manyan nan masu ja da ƙafa huɗu, ƙarfinta zai ƙaru da kashi 20 ko 30 cikin 100, ta kuma rage shan mai. Shin gaskiya ne, ko kuwa romon baka ne na 'yan kasuwa?

To, ƙarfin dai ya kan ƙaru, wannan ba ƙarya ba ne. Amma inda a ke samo shi, da kuma wanda zai biya kuɗinsa daga baya, su ne abubuwan da masu talla ba su cika faɗi ba. Kafin mu kai can, sai mun leƙa cikin injin tukuna.

Wani Bajamushe ne, Rudolf Diesel, ya ƙago wannan irin injin, na farko da ya yi aiki sosai kuwa an tayar da shi a birnin Augsburg a 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi. Iska zalla fistan ke zuƙowa, sa'an nan ya matse ta har ta koma wajen kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san yadda gindin famfo ke yin zafi a hannu. Haka abin ya ke a nan, sai dai zafin ya kan wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci ne a ke feso mai a cikin iskar, sai ya kama wuta don kansa, ya tura fistan ƙasa.

Ga abin da na ke so ku riƙe, gama duk sauran maganar a kansa ta ke. A injin dizal, yawan man da aka fesa shi ke hukunta ƙarfi. Kullum injin yana zuƙar iska fiye da bukatarsa, sabo da haka in ka ƙara mai kaɗan, akwai rarar iskar da za ta ƙone shi, ƙarfi ya ƙaru nan take. Amma rarar tana da iyaka. Kilo ɗaya na dizal yana bukatar iska wajen kilo 14 da rabi kafin ya ƙone ƙurmus, wannan ma a lissafin takarda ke nan. A cikin silinda, inda mai da iska ba su da lokacin gaurayewa sosai, sai an ba shi fiye da haka nesa. Da zarar mai ya fara rinjayar iska, abin da bai ƙone ba sai ya fita ta salansa, baƙi ƙirin, zafin cikin injin kuma ya hau.

Tsofaffin makanikai sun san wannan tun kafin a haifi kwamfuta. Tun 1927, lokacin da kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa dizal da yawa don sayarwa, har kusan shekaru sittin bayan haka, aikin raba mai na ƙarfe ne da ƙarfe. A jikin famfon akwai wani ɗan noti mai tsayar da iyakar man da za a ba injin, masu ƙera mota su kan ɗaure shi da waya da darma don kada a taɓa. In direba ya yi kukan motarsa ba ta hawa tudu, sai makanike ya tsinke wayar, ya ɗan murɗa notin. Mota ta yi ƙarfi, ta kuma fara turnuƙe hanya da hayaƙi. Wanda ya taɓa bin bayan babbar mota a kan tudu ya ga sakamakon wannan murɗi da idonsa. Ɗan akwatin da mu ke magana a kansa jikan wannan noti ne, ya dai yi karatun zamani.

Har yanzu akwai motocin da ke aiki da irin wancan famfo. Land Cruiser mai injin da a ke kira 1HZ, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, lita 4.2 ne, silinda shida, ba turbo, ƙarfinsa wajen doki 130 kurum. Ƙungiyoyin agaji da direbobin hamada sun daɗe suna ƙaunarsa don sauƙin gyaransa da haƙurinsa da mai maras kyau. Mai irin wannan mota, in famfonta na ƙarfe zalla ne, ba ruwansa da ɗan akwati, don ba inda za a jona shi.

Sauyi ya zo ne a hankali. A cikin shekarun 1980 aka fara sa kwamfuta ta lura da famfon dizal a ƙananan motoci. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya sa wata sabuwar dabara a manyan motocin Hino, a 1997 kuma ta shiga ƙananan motoci a Turai. Dabarar ita ce a yi bututun ƙarfe guda ɗaya mai kauri, a kwantar da shi a gefen injin, famfo ya riƙa dura masa mai yana matsewa, dukan nozul-nozul kuma su sha daga gare shi. Matsin da ke cikin bututun nan abin mamaki ne. Da ma'aunin da a ke kira bar, tayar mota tana ɗauke da 2 ko 3. Bututun farko na 1997 yana kai 1,350, na yanzu kuwa 2,000 har 2,500. Ramukan bakin nozul ba su fi kaurin gashin kai da yawa ba, man kuwa yana fita ta cikinsu kamar hazo. Kowane feshi bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma a bugu ɗaya na fistan a kan yi feshi sau uku, ko biyar, ko fiye. In injin yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana kama wuta sau 25 a daƙiƙa guda. Ba hannun ɗan Adam da zai iya wannan lissafi, shi ya sa aka ba kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota.

Ku ɗauki ƙwaƙwalwar nan kamar sarki ne zaune a fada, ba ya fita, ba ya ganin kome da idonsa. Yana da 'yan rahoto a ko'ina cikin injin. Wani yana gaya masa matsin mai a bututu, wani yawan iskar da ta shigo, wani matsin da turbo ya kawo, wani zafin ruwa, wani kuma yadda direba ya taka totur. Kowannensu da lantarki ya ke magana: na bututun mai, alal misali, ya kan aiko da rabin bolt in ba matsi, ya hau har bolt 4 da rabi in matsi ya kai ƙarshe. Sarki kuma yana da littafin doka da injiniyoyin kamfani suka rubuta masa, wanda ya ce in juyi ya kai kaza, totur kaza, iska kaza, to, a fesa mai kaza. A cikin dokokin har akwai wadda ta hana a ba da man da ya fi ƙarfin iskar da ta shigo, don kada a yi hayaƙi.

To, ɗan akwatin nan ba ya taɓa sarki, ba ya taɓa littafin doka. Tafinta ne maƙaryaci da ya tsugunna a zaure. A kan cire wayar ɗan rahoto, a jona ta a jikin akwatin, a ɗauki wayar akwatin a kai wa ƙwaƙwalwa. Daga ran nan duk maganar da za ta shiga fada sai ta bi ta bakinsa.

Bari in ba da misali da lissafi mai sauƙi. A ce ƙwaƙwalwa tana son matsin 1,600 a bututu. Famfo ya yi aiki, matsi ya kai 1,600, ɗan rahoto ya faɗi gaskiya. Sai tafinta ya rage kashi ɗaya cikin goma, ya ce wa sarki bai kai 1,450 ba. Sarki ya ce wa famfo ya ƙara himma. Famfo ya yi ta matsawa har tafinta ya ce an kai 1,600, alhali kuwa gaskiyar abin da ke cikin bututu ya haura 1,750. Nozul ya buɗe daidai tsawon lokacin da aka saba, amma da ya ke matsin bayansa ya ƙaru, man da ya fita ya fi na da. Sai dai a lura, ƙarin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa. In matsi ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, man da ke fita wajen kashi 5 kurum ya ke ƙaruwa, haka ɗabi'ar ruwa ta ke in yana bi ta ƙaramin rami. Watau kafin a sami ƙarin ƙarfi mai yawa ta wannan hanya, sai an ɗora wa famfo da bututu da nozul kaya mai nauyi ƙwarai.

Akwatunan ba iri ɗaya ba ne. Mafi araha, in ka fasa shi, ba abin da za ka tarar sai ɗan ƙwayar lantarki guda mai rage ƙarfin wuta, wadda kuɗinta bai kai na kofin shayi ba. Ƙaryarsa ɗaya ce kullum, ko injin na zaune ko yana kan tudu. A waɗansu tsofaffin injuna irin wannan ya kan ce man ya yi zafi, tun da zafaffen mai ya kan saki ya rage nauyi, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara feshi don ta cike giɓin. Masu tsada kuwa suna da 'yar kwamfutarsu, suna sauraron juyin injin, su yi ƙarya mai yawa a tsakiyar gudu, su yi shiru in injin na zaune. Waɗansu su kan riƙe bakin ɗan rahoton turbo kuma, su ce iska ba ta isa ba, don a sa turbo ya ƙara hurawa, a sami iskar ƙone ƙarin man. Akwai kuma masu barin matsi yadda ya ke, su shiga tsakanin ƙwaƙwalwa da nozul, su riƙe ƙofarsa a buɗe ɗan lokaci bayan an ce ya rufe.

Akwai wani iri dabam da a ke jonawa a ƙarƙashin totur. Wannan ko doki ɗaya ba ya ƙarawa. In ka taka kwata, sai ya ce ka taka rabi, mota ta yi zumbur, ka ji daɗi. In ka taka har ƙasa kuwa, ƙarfin da ka saba da shi za ka tarar.

Yanzu mai sauraro zai ce, in har injin yana iya ba da wannan ƙarfi, don me masu ƙera shi suka ɓoye? Tambaya ce mai kyau, masu sayar da akwati ma da ita su ke cin kasuwa. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Injin Toyota mai silinda takwas, lita 4.5, wanda ya fito a 2007, an sa shi a Land Cruiser ta aiki da turbo ɗaya yana ba da doki 200 da 'yan kai. Shi ɗin ne aka sa a babbar Land Cruiser ta alfarma da turbo biyu, ya ba da wajen doki 260, ƙarfin murɗa ƙafafu kuma ya ƙaru da rabi, daga 430 zuwa 650 a ma'aunin injiniyoyi. Lalle tushen injin yana iya ɗaukar fiye da abin da aka ba motar aiki. Amma ku duba, da suka ƙara ƙarfin, ba mai kaɗai suka ƙara ba. Sun ƙara turbo, sun haɗa shi da giyar da aka yi don wannan nauyi.

Rarar da injiniyoyi ke bari ba rowa ba ce, guzuri ne. Ba su san inda motar za ta ƙare ba. Wata za ta zauna a sanyin Ingila tana kai yara makaranta, wata za ta ja tirelar kwana mai nauyin tan 3 da rabi a dajin Ostareliya, inda kasuwar akwatunan nan ta yi ƙarfi ƙwarai, wata kuwa za ta ɗauki buhuna da fasinja ta ratsa rairayi daga Agadas zuwa Bilma. Dole littafin doka guda ya ishe su duka, har injin ya tsufa, nozul ya ci, lagireto ya toshe da ƙura.

A nan ne maganar ta shafi masu sauraronmu na ƙasashe masu zafi fiye da kowa. Iska in ta yi zafi sai ta saki. Lita ɗaya ta iska a zafin digiri 45, irin na Injamena ko Hartum a bazara, nauyinta ya gaza na lita ɗaya a digiri 15 da kusan kashi ɗaya cikin goma. Hawa sama ma haka ya ke yi: kowace mita 1,000 tana rage wa iska kusan kashi ɗaya cikin goma. Direban da ya tashi daga Makka ya hau dutse zuwa Ɗa'ifa, ko wanda ya hau tudun Adamawa zuwa Ngaundare, injinsa yana shaƙar iska maras kauri, turbo kuma, wanda da ma yana juyi fiye da 100,000 a minti, sai ya ƙara gudu don ya cike. Guzurin nan da aka ajiye, a irin wannan rana a ke cinsa. Wanda ya sa akwati ya riga ya cinye shi tun a gida. Akwatin da aka gwada a Jamus cikin hunturu aka ga lafiya lau, bai san rairayin Sahara da tsakar rana ba.

Me ke faruwa in zafi ya yi yawa? Fistan ɗin yawancin waɗannan motoci da gaurayen alminiyam a ke yinsa. Alminiyam zalla yana narkewa a digiri 660, gaurayensa ma kafin nan, kuma tun bai narke ba ya ke rasa ƙarfinsa. Wutar cikin silinda ta fi haka zafi nesa, abin da ke ceton fistan shi ne wutar ba ta daɗewa, sabuwar iska tana shigowa, baƙin mai kuma yana fesa masa ta ƙasa yana sanyaya shi. In an ƙara mai, musamman in an ja feshin ya yi tsawo, wutar sai ta daɗe tana ci, har ta bi hayaƙi ta fita. Makanikai masu lura su kan huda bututun hayaƙi kafin turbo su sa ma'aunin zafi, yawancinsu kuma ba su son ganin allura ta zauna sama da 700 ko 750. In ta daɗe a can, bakin fistan ya kan tsage, wani lokaci ya huje, kan silinda ya kan fashe, fukafukan turbo su kan ci.

Abin takaici shi ne direba ba ya ganin wannan. Allurar zafi da ke gabansa ruwan lagireto ta ke aunawa, ruwa kuwa ba ya saurin nuna abin da ke faruwa. Zafin hayaƙi ya kan hau ɗaruruwan digiri cikin 'yan daƙiƙoƙi a kan tudu, allurar ruwa tana zaune a tsakiya abinta. Mafi muni shi ne tafiya cikin rairayi mai laushi: totur a ƙasa, gudu kaɗan, iskar da ke bugun lagireto ba ta da yawa. Sarki kuma, da ya ke an ruɗe shi, yana tsammani man da a ke fesawa bai wuce doka ba, sabo da haka ba lalle ne ya ja linzami a kan lokaci ba. Gaskiya ne sababbin motoci sun fi wayo. Da yawansu suna da 'yan rahoton zafi a hanyar hayaƙi, in kuma maganar wani ɗan rahoto ta saɓa wa ta sauran, ƙwaƙwalwa ta kan kunna fitilar gargaɗi ta rage ƙarfin injin ya koma tafiyar gurgu. Masu akwati su kan yi fushi da wannan, ni kuwa a ganina ranar nan motar ta yi wa mai ita alheri.

Ƙarfin kuma ba a injin ya ke tsayawa ba, sai ya bi ta kuloci da giya kafin ya kai ƙafa. Kuloci shi ya kan fara kuka: ka taka totur a giya ta huɗu ko ta biyar, ka ji injin ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba. A mota mai canja giya da kanta akwai wata matsala ta ɓoye. Giyar tana da tata ƙwaƙwalwar, ita kuma ƙwaƙwalwar injin ce ke gaya mata nauyin ƙarfin da ke tafe, don ta san yadda za ta damƙe faifan cikinta. Tun da an yi wa ta farko ƙarya, ƙaryar za ta isar wa ta biyu. Giya ta shirya wa ɗan kaya, babba ya faɗo mata.

Sai batun mai kansa. Famfon zamani da nozul, man dizal ɗin da ke bi ta cikinsu shi ne man shafawarsu, tsakanin ƙarafansu kuwa ratar ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. Ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙura daga man galan na bakin hanya ya isa ya ƙarce su. Akwai kuma ƙibiritu. A Turai tun 2009 doka ba ta yarda ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan, Public Eye, ta auna man da a ke sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta tarar da wanda ƙibiritunsa ya ninka na Turai sau 378. A 2020 ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince a tsayar da iyaka a kashi 50 cikin miliyan. Injin da ya sha irin wancan mai shekara da shekaru, nozul ɗinsa ba sabo ba ne ko da mota tana sheƙi, ƙara masa matsi kuwa ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ne.

To, ina maganar rage shan mai? A nan akwai wani abin dariya. Lissafin shan mai da mota ke nunawa a gaban direba ba daga tanki a ke auno shi ba. Ƙwaƙwalwa ce ke tara adadin man da ta ke tsammani ta fesa. Tun da akwati yana sa a fesa fiye da abin da ta sani, kuma direba ba ya bukatar taka totur kamar da, sai allon ya nuna mota ta rage ci. Mai ita ya yi murna, ya gaya wa abokansa. Ban ce ba a taɓa samun ragi na gaske ba. Wanda ƙarin ƙarfi ya sa ya daina yawan sauka giya a kan tudu ya kan ɗan samu. Amma hanyar sani guda ce: ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar tafiya, ka yi tafiyarka, ka sake cikawa har baki, ka raba. Ka yi haka sau uku ko huɗu da akwati, sau uku ko huɗu ba shi, a hanya iri ɗaya da kaya iri ɗaya.

Hayaƙin kuma ba na mai mota kaɗai ba ne. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji na huhu. Masu shaƙarsa kuwa su ne mai tallan bakin titi, da ɗan acaɓa, da yaron da ke goye a bayan uwarsa a tasha. Don haka ne tun wajen 2009 sababbin motocin dizal a Turai ke ɗauke da rariya a cikin salansa mai tare baƙin toka, wadda injin ke ƙonewa lokaci lokaci da zafin wajen digiri 600. Mota mai akwati tana yin toka fiye da lissafin ƙwaƙwalwa, rariya ta riƙa cika da wuri. Don a ƙone ta a kan fesa ƙarin mai a ƙarshen bugu, wani daga ciki ya kan zurara ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Daga nan sai wani ya ba da shawara a cire rariyar gaba ɗaya, ɓarna ta haifi ɓarna.

Masu sauraronmu na Turai da Amurka sai su yi hattara da doka. A Ingila, tun watan Fabrairu na 2014, motar da aka cire wa rariyar nan ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara shekara. Wanda kuma ya ƙara wa injinsa ƙarfi bai gaya wa kamfanin inshora ba, ran da hatsari ya auku kamfanin yana iya ƙin biya. A Jamus, in akwatin ba shi da takardar amincewa, izinin hawa hanya na motar ya kan faɗi. A Amurka, a 2013, hukumar kare muhalli ta sa wani kamfani mai suna Edge Products ya biya tarar dala 500,000 sabo da ya sayar da na'urori fiye da 9,000 masu ba da damar cire rariyar hayaƙi daga motocin a-kori-kura na dizal. Kada kuma a ce ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke wannan hali. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen da kansa ya koya wa ƙwaƙwalwar motoci wajen miliyan 11 su gane lokacin da a ke gwada su, su yi ladabi, in sun fita hanya su koma halinsu. Game da garanti kuwa, dillali yana iya ƙin gyara injin da aka taɓa. Masu talla su kan ce ai sai ka cire akwatin kafin ka kai mota, ba wanda zai sani. Ban da cewa wannan ha'inci ne, ƙwaƙwalwa tana ajiye tarihin abubuwan da ta gani, tsagaggen fistan ma yana ba da nasa labari ga wanda ya iya karantawa.

Akwai hanya ta biyu ta ƙara ƙarfi, watau a sake rubuta littafin dokar kansa ta 'yar kafar nan da ke ƙarƙashin sitiyari, inda makanike ke jona na'urar binciken cuta. Fa'idarta ita ce sarki ya san gaskiya, dokokin kare injin kuma suna nan suna aiki, in dai marubucin bai share su ba. Aibinta shi ne ba ka ganin abin da aka rubuta. Gwani ya kan ɗora motar a kan na'urar awon ƙarfi, ya auna zafi da hayaƙi, ya gyara kaɗan kaɗan. Ɗan koyo kuwa ya kan sauko da rubutun wani daga intanet ya dura maka. Wanda ya ƙudura lalle sai ya ƙara ƙarfi, ta kowace hanya, abin da na ke ba shi shawara shi ne ya fara tabbatar da lafiyar nozul da lagireto da matatar iska, ya tsaya a ƙaramin mataki, ya sa ma'aunin zafin hayaƙi a inda idonsa zai gani, in allura ta hau ya sauka giya ya ɗaga ƙafa. Baƙin mai kuma ya riƙa juye shi kafin lokacin da littafi ya faɗa.

Saura masu sayen motar hannu, irin waɗanda a ke saukewa a tashoshin Kwatano da Lome da Tema da Duwala. Mai ita na farko a Turai yana iya yin shekaru da akwati ya cire ran da zai sayar. Ka sa makanike ya duba wayar da ke ƙarshen bututun mai da ta ɗan rahoton turbo. In ya ga maƙalarsu ta karye, ko an naɗe waya da sabon salatif, ko ragowar igiyoyin roba a inda ba abin da su ke riƙewa, ko tabon gam kusa da batir, to, a yi tambaya. A tayar da injin da sanyin safiya a saurara, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko yana huci da ƙarfi, don hucin nan alama ce wuta tana zurarewa ta gefen fistan. Sa'an nan a hau tudu da giya ta huɗu, wani ya tsaya a baya ya dubi launin abin da ke fita daga salansa.

Lokacinmu ya cika, jama'a. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda turbo ke aiki, da dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ba su kashe injin nan da nan in sun sauko daga doguwar tafiya.